Samarin Mali Da Gasar Ƙwallon Kwando Ta Duniya

Ran 24 ga watan Agusta na shekara ta 2025 aka yi wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta manyan mazan Afirka a birnin Luwanda, inda masu masauki, watau Angola, suka ka da Mali da maki 70 da 43. Wanda ya ji wannan lissafi kurum zai ce Mali ta sha kashi, ba kuwa zai yi ƙarya ba. Amma waɗanda suka daɗe suna bin sha'anin wasan ba kashin ne ya ɗauke musu hankali ba. Abin da suka tsaya dubawa shi ne sunayen mutanen da suka kai Mali wannan matsayi, wanda ba ta taɓa takawa ba tun da aka fara gasar. Akwai Umar Ballo, akwai Siriman Kanute, mai koyar da su kuwa Alhaji Dikko. Waɗannan sunaye uku su ne dai aka yi ta ambata shekara shida kafin nan, sa'ad da samarin Mali suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan shekara 19 a ƙasar Girka. Ƙungiyarmu ta Nijeriya kuwa tun a zagayen 'yan takwas Sanagal ta sallame ta, ita Sanagal ɗin kuma Mali ce ta fitar da ita a zagaye na gaba.

To, watakila mai karatu ya ce, ina ruwan malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma da wasan da aka yi can Luwanda? Lalle akwai ruwansu, har ma ya fi na 'yan wasan kansu. Gasar manya ana iya shirya mata cikin wata guda, a aika wa 'yan ƙasa da ke zaune a Turai da Amurka su zo, a ɗinka musu riguna, a shiga fili. Gasar yara ba ta yarda da haka. Yaron da zai tsaya wa ƙasarsa yana da shekara goma sha shida, sai dai in an fara koya masa yana da goma sha ɗaya ko sha biyu, a fili na kusa da gidansu, a hannun wani malami. Sa'an nan sai an tabbatar da ranar haihuwarsa da takarda wadda wani akawu ya rubuta tun yana jinjiri. Saboda haka mu a ganinmu wannan gasa jarrabawa ce da ake yi wa makarantun ƙasa da littattafan rajistarta, ko da yake yara ne ke zufa a fili.

Asalin wasan ma daga hannun malami ya fito. Wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada, Jemis Naismit, shi ya ƙago shi cikin shekara ta 1891 a wata makarantar horon malamai da ke garin Sifirinfil a Amurka, don ya sama wa ɗalibansa abin yi cikin ɗaki lokacin da tsananin sanyi ya hana su fita. Kwandunan 'ya'yan itace guda biyu ya kafa a sama, daga nan sunan ya samo tushe. A shekara ta 1932 ƙasashe takwas suka taru a Janeba suka kafa hukumar wasan ta duniya, wadda ake kira FIBA a taƙaice, reshenta na Afirka kuma aka kafa shi a Alƙahira cikin 1961. Gasar samari ta duniya ba a fara ta ba sai 1979, a Barazil, ta 'yan mata kuwa 1985 a Amurka. Da fari shekara huɗu huɗu ake yi, daga baya aka mai da ita shekara bibbiyu, a 2010 kuma aka ƙara wata ta 'yan shekara 17.

Ya kamata a fahimci yadda aka jera waɗannan gasa, don nan ne dabarar take. Kamar tsani ne mai matakai huɗu. A shekarar da ba ta rabuwa biyu ana yin gasar Afirka ta 'yan shekara 16, ƙasashe biyu da suka zo kan gaba su tafi gasar duniya ta 'yan shekara 17 a shekara mai zuwa. A cikin wannan shekara kuma ake yin gasar Afirka ta 'yan shekara 18, biyu na farko su tafi gasar duniya ta 'yan shekara 19 a shekarar da ke biye. Ƙasashe 16 ke haɗuwa a gasar duniya, kowace da 'yan wasa 12. Ƙasar da ta yi sakaci da matakin farko ta riga ta yi asarar na biyu, yaranta kuma za su isa mataki na uku ba su taɓa ganin baƙon abokin karawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In an duba tarihin gasar za a ga ta daɗe tana nuna abin da ke tafe. A shekara ta 1987, a wani ƙaramin gari na kan duwatsun Italiya mai suna Bormiyo, samarin Yugoslafiya suka ka da na Amurka suka ɗauki kofi. Cikinsu akwai Toni Kukoc da Bilade Dibac. Bayan shekara uku kacal, a 1990, waɗannan biyu na cikin manyan da suka ci wa Yugoslafiya kofin duniya a Ajantina, kafin yaƙi ya wargaza ƙasar, abokan wasa suka rarrabu ƙarƙashin tutoci daban daban. A 1999 samarin Sifen suka yi wa Amurka irin wannan a birnin Lisbon da maki 94 da 87. Pau Gasol da Huwan Karlos Nabaro suna cikinsu, su ne kuma ginshiƙan ƙungiyar da ta ci kofin duniya na manya a Japan cikin 2006, ta sami lambar azurfa a wasannin Olimfik na 2008 da na 2012. Amurka ce dai ta fi kowa, ba musu. Sau tara ta ɗauki kofin 'yan shekara 19 na maza, na baya-bayan nan a birnin Lozan na Suwizalan cikin 2025, inda ta ka da Jamus da maki 109 da 76. A gasar 'yan shekara 17 kuwa, daga 2010 zuwa 2024, samarinta ba su faɗi ko wasa ɗaya ba. Wannan bai zama abin mamaki ba ga wanda ya san cewa a can da wuya ka sami makarantar sakandare da ba ta da zauren wasa da ƙungiyarta, suna kuwa karawa da maƙwabtansu mako mako duk tsawon lokacin sanyi.

Yanzu bari mu komo kan Mali, mu bi sawun yaran nan tun daga farko. Mali ƙasa ce ta Sahil wadda ba ta da gaɓar teku, mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, alhali mu mun haura miliyan 200. Tun daga shekara ta 2012 arewacinta bai zauna lafiya ba. Ba ta da man fetur. Duk da haka a 2017 yaranta suka tafi tsibirin Morishas suka ci kofin Afirka na 'yan shekara 16, aka zaɓi Siriman Kanute gwarzon gasar, Umar Ballo kuwa yana cikinsu yana da shekara goma sha biyar. A 2018 suka tafi Ajantina gasar duniya ta 'yan shekara 17. Ba su yi nisa ba, amma a can ne Ballo ya yi abin da ya sa aka san shi: a wasansu da Jamhuriyar Dominika shi kaɗai ya ci maki 32, ya kuma cafe ƙwallon da ya kuskure kwando sau 32. Suna komowa gida, a wannan shekara dai, Bamako ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan shekara 18, suka ka da Sanagal a wasan ƙarshe da tazara 'yar kaɗan a gaban iyayensu.

Sa'ad da suka isa garin Irakiliyon na tsibirin Karita a ƙarshen watan Yuni na 2019, waɗansunsu sun riga sun yi gasa uku tare. Kowa ya san hannun da ɗan'uwansa ya fi so a miƙa masa ƙwallo, ya san wanda ke fushi da wuri da wanda ke sanyin jiki in an rinjaye su. Wannan sani ba a samun sa a sansanin mako biyu, kome gwanintar mai koyarwa. Cikinsu har da wasu tagwaye 'yan gidan Dirame, Hasan da Fusaini, irin dai sunayen da mu ma muke raɗa wa namu tagwayen. Suka fitar da Niyu Zilan, suka fitar da Porto Riko, sa'an nan suka gamu da Faransa, ƙasar da ta mallake su har zuwa 1960, suka ka da ita da maki 76 da 73. Kafin wannan rana ba wata ƙungiyar Afirka, ta manya ko ta yara, da ta taɓa kai wa wasan ƙarshe a gasar duniya ta ƙwallon kwando.

Ran 7 ga Yuli suka tari Amurka, aka tashi 93 da 79. Don a san nauyin wannan lissafi sai a dubi waɗanda suka kara da su. A Amurka akwai wata rana kowace shekara da ƙungiyoyin babbar gasarsu ta NBA ke zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, wanda aka fi kwaɗayi shi ake fara kira. To, mutum biyar na farko da aka kira a zaɓen 2021, watau Cade Cunningham da Jalen Green da Evan Mobley da Scottie Barnes da Jalen Suggs, dukansu suna cikin ƙungiyar da Mali ta fuskanta a ran nan. Duk da haka har aka tafi hutun rabin lokaci tazarar ba ta taka kara ta karya ba, sai bayan an komo ne Amurkawa suka tsere. Da aka zo zaɓen gwanaye biyar na gasar baki ɗaya, biyu 'yan Mali ne, Ballo da Kanute.

Kada a ɗauka cewa dukan horon yaran nan a gida aka yi shi, don ba haka ba ne. Ballo mutumin Kulikoro ne, amma tun yana yaro aka kai shi wata makaranta a tsibiran Kanari na Sifen, daga can ya wuce makarantar NBA da ke birnin Meziko, kāna ya shiga jami'o'in Amurka. Tagwayen nan ma a Niyu Yok suka yi sakandare. Watau Mali ta shuka, waɗansu suka yi mata noma. Amma abu biyu ne ba a iya ƙwace mata: ita ta gano yaran tun suna ƙanana a filayenta, kuma duk sa'ad da aka yi kira ta komo da su wuri ɗaya, a hannun mutanen da suka sani. Wahalar takardu ma ba ta bar su ba, gama wasa biyu na farko a Girka ba tare da Ballo aka yi su ba, saboda jinkirin samun biza. Ga yadda aikin ofis ke iya kai ƙasa ƙasa tun ba a taɓa ƙwallo ba. Alamar da ta nuna cewa abin ba sa'ar shekara ɗaya ba ce kuwa ita ce, waɗanda suka biyo bayansu sun sake cin kofin Afirka na 'yan shekara 18 a 2020 da 2024.

'Yan matansu ma sun fi mazan daɗewa a kan gaba. Daga 2009 zuwa 2023 sau takwas a jere suka ɗauki kofin Afirka na 'yan shekara 16, ba wanda ya raba su da shi. A 2021, a birnin Dabrisan na Hangari, suka zo na huɗu a gasar duniya ta 'yan shekara 19, aka sa Sika Kone cikin gwanaye biyar. Sai dai a nan akwai labarin da ba shi da daɗin ji, wajibi ne kuwa duk wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane ya ji shi. Makonni kaɗan kafin wannan gasa, cikin watan Yuni na 2021, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bayyana ƙorafin waɗansu 'yan mata cewa mai koyar da su yana neman su da lalata, wadda ta ƙi kuma sai ta rasa gurbinta a ƙungiya. Hukuma ta kama shi. FIBA ta sa wani shehun malamin shari'a na Kanada, Richard McLaren, ya yi bincike, rahotonsa na watan Satumba ya nuna cewa ɓarnar ta daɗe, kuma akwai manya a hukumar wasan ƙasar da suka nemi a rufe maganar maimakon a tsare yaran. A 2023 aka haramta wa mutumin shiga harkar wasan har iyakar ransa.

Mun kawo wannan ne don mu da muke sha'awar abin da Mali ta yi kada mu kwaso shi da ƙaiƙayinsa. Yarinyar da aka ɗauko daga gidan talaka, aka nuna mata cewa tafiya Turai da kuɗin makaranta duk suna hannun mutum ɗaya, ba ta da bakin magana. Duk makarantar da za ta tura 'yan mata wasa wani gari, lalle ne malama mace ta bi su, ta kwana inda suka kwana, kuma a sami wani wanda yarinya za ta kai wa kuka wanda ba shi ne mai zaɓen 'yan wasa ba. Iyayen da suka ƙi sakin 'ya'yansu sai sun ga haka ba jahilci ne ya sa su ba, gaskiya ce da su.

To, ina muka kwana mu 'yan Nijeriya? A dā mu ne ake tsoro a wannan fage. Samarinmu sun sha ɗaukar kofin Afirka na 'yan shekara 18, amma rabonsu da shi tun 2006. Tun daga nan Masar da Sanagal da Angola da Mali ke karɓa-karɓa. Wanda ya dubi manyanmu kaɗai ba zai lura da wannan giɓi ba, gama sun yi abin a yaba. Mazan sun ci kofin Afirka a 2015, har sun ka da Amurka a wasan sada zumunta a 2021. Matan kuwa sau biyar a jere suka ɗauki kofin Afirka daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris cikin 2024 suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a wasannin Olimfik. Muna alfahari da su, 'ya'yanmu ne, ba wanda ya tilasta musu zuwa. Amma in za a faɗi gaskiya, da yawa daga cikinsu a Amurka aka haife su ko aka rene su, makarantun can ne suka koya musu riƙon ƙwallo. Kayan aro ba ya rufe katara, ranar da aka ce a kawo 'yan shekara goma sha shida kuwa ita ce ranar wanka.

Dalilin wannan koma-baya ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuni na 2017 aka yi zaɓen shugabannin hukumar wasan ta ƙasa har biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, kowane ɓangare na cewa shi ne halattacce. A farkon 2022 aka sake maimaita haka. Cikin wannan ja-in-ja gasar ƙungiyoyin cikin gida ta yi ta tsayawa, yara kuwa ba mai tuna su, domin ba su da murya kuma ba a ɗaukar hoto da su. A watan Mayu na 2022 gwamnati ta ce ta janye ƙasar daga dukan wasannin waje har shekara biyu don a gyara gida. An soke wannan umurni bayan 'yan makonni, amma kafin nan FIBA ta riga ta ba wata ƙasa gurbin da matanmu suka sha wuya suka samu a gasar duniya ta birnin Sidini. Ƙasar da aka ba kuwa ita ce Mali. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne 'yan matanmu na 2024, waɗanda suka kai wasan ƙarshe na 'yan shekara 18 a Piritoriya, ko da yake Mali ce dai ta sake tare su. Wannan ya ba su damar zuwa gasar duniya a birnin Birno na ƙasar Cek a 2025, har suka ka da ƙasar Sin a wasansu na farko. Maƙwabtanmu na Kamaru ma samarinsu sun je gasar duniya a wannan shekara.

Akwai wata doka ta FIBA da ta sa sakaci da yara ya fi yadda ake zato tsada. Ɗan wasan da ya buga wa wata ƙasa babbar gasa bayan ya cika shekara 17 ya zama nata, ba ya sauya sheƙa sai da izini na musamman. Kuma kowace ƙasa mutum ɗaya tak aka yarda ta sa a ƙungiyarta daga cikin waɗanda suka sami fasfonta bayan sun wuce shekarun da dokar ta ƙayyade. Saboda haka gasar samari wurin kamun kafa ne: wanda ya riga kiran yaro, ya yi masa takardu a kan kari, shi ke da shi. Giannis Antetokounmpo iyayensa 'yan Nijeriya ne, Girka yake yi wa wasa. Joel Embiid a Yawunde aka haife shi, bai taɓa sa rigar Kamaru a gasa ba, Amurka ya ci wa lambar zinariya a 2024. Ƙasar da ba ta zuwa gasar yara ba ta da abin da za ta kira su da shi.

Mu zo kan batun shekaru, wanda shi ne rabon ma'aikatan ofis a wannan magana. Ƙa'idar a fili take: a gasar 2019 duk wanda aka haifa kafin 1 ga Janairu na shekara ta 2000 ba shi da shiga. Ba a tambayar ko a shekarar fari aka haifi yaro ko a daminar da kogi ya ci gada, rana da wata da shekara ake so. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna cewa cikin yara ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar, 43 ne kawai aka yi wa rajistar haihuwa. Sauran fa? Sai ranar da bukata ta taso a tafi kotu a yi takardar rantsuwa, a faɗi shekarar da ta dace da bukatar. Mun ga inda wannan ya kai mu a ƙwallon ƙafa. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da mu shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa, a 2016 kuma 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin hoton ƙashin wuyan hannu ana gab da karawa da Nijar, Nijar ɗin kuwa ta fitar da mu.

Cutar ƙaryar shekaru ta wuce abin kunya a idon baƙi. Ƙato mai shekara ashirin da biyu in aka sa shi cikin 'yan sha shida lalle zai yi fice, amma ya riga ya gama girma, ba abin da zai ƙaru da shi. Yaron gaskiya da ya ture kuwa ya koma gida ya bar wasan. Bayan shekara shida, lokacin da ya kamata a ci moriyar wannan rukuni, sai a waiwaya a tarar ba kowa. Da haka ne Mali ta yi, da ba a sake jin Ballo da Kanute a Luwanda ba. Tun zamanin En'e akwai wuraren da malaman dagatai ke rubuta haihuwa da mutuwa a littafi, ana raina aikin, ana ganin ɓata tawada ne. Yau aikin yana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a, amma har yanzu mai unguwa da ma'aikacin asibiti da shugaban makaranta su ne idonta. Shugaban makarantar da ya rubuta ranar haihuwar yaro daidai a littafin shiga aji ɗaya, ya kuma ƙi kankare ta ko wane ne ya roƙe shi, ya yi wa ƙasa aikin da mai koyar da wasa ba zai iya yi ba.

Game da fili kuwa, wannan wasa ya fi ƙwallon ƙafa sauƙi ga makarantun cikin gari da gine-gine suka matse. Tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, har babban filin ƙwallon ƙafa guda ya ninka shi sau goma sha bakwai a girma. Abin da ake bukata daɓe ne mai kyau, da turaku biyu, da allo da zoben ƙarfe a kan kowanne, tsayin zoben daga ƙasa ƙafa goma. Maƙerin gari zai iya haɗa su. Mutum biyar biyar ke wasa, don haka ko ƙaramar makaranta ba za ta rasa ƙungiya ba. Abin da muka fi gani a makarantu shi ne an gina filin, an yi bikin buɗewa, zobe ya karye cikin wata uku, ba wanda aka ɗora wa alhakin gyara, daga nan ya zama wurin shanyar kaya. Ba kuɗi ne suka yi ƙaranci a nan ba, malami ɗaya ne aka rasa wanda za a rage wa darasi biyu a mako a ce wannan aikinka ne. Batun sutura ma, wanda ya daɗe yana hana 'yan matanmu, an warware shi: tun 2017 FIBA ta yarda mace ta yi wasa da kanta a rufe, bayan da matan Katar suka gwammace su janye daga wasannin Asiya na 2014 da su cire ɗankwali.

Arewa kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. A Zariya wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello, cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta sha zama zakara a gasar ƙasa. Hakeem Olajuwon kansa, wanda ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, ɗalibin wata kwalejin horon malamai ce a Legas, ƙwallon hannu yake yi, sai da makarantarsu ta zo gasar wasannin kwalejojin malamai a Sakkwato aka jarraba shi a ƙwallon kwando yana da shekara kamar goma sha biyar. Da malaman wancan zamani sun ce ba kuɗin mota, da labarin bai faru ba. Gasar makarantun sakandare ta Milo, wadda aka fara a 1999, ita ce ta riƙe wannan igiya, sai dai 'yan kwanaki ne a shekara, makarantar da aka fitar a zagayen farko kuma sai baɗi. Karawa tsakanin makarantu huɗu ko shida na gari ɗaya, kowace Asabar, ba kwana ba kuɗin masauki, ta fi wannan amfani nesa.

Akwai malaman da ke cewa yaran da ba su iya karatu da lissafi ba, me za a yi da koya musu jifan kwando? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu goyon bayan duk wanda zai ruɗi yaro da labarin miliyoyin Amurka. Mutum 60 ne galibi ake zaɓa a NBA kowace shekara daga duniya duka. Dillalan da ke yawo suna neman dogayen yara suna yi wa iyaye alkawarin makaranta a ƙasar waje, ba dukansu ne mutanen kirki ba, yaron da ya ji rauni a gwiwa kuma ba safai suke waiwayarsa ba. Amma hanyar da Ballo da tagwayen nan suka bi ta cikin aji ta ratsa, gama jami'o'in Amurka ba sa barin ɗalibi ya yi musu wasa sai takardun sakandarensa sun cika sharaɗi. Malamin da ya ce ba mai taka fili sai wanda ya zo makaranta kwana biyar a mako ya sami sandar da ta fi bulala aiki.

In tsarin gasar ya ci gaba yadda yake, gasar Afirka ta 'yan shekara 16 ta shekara ta 2029 za ta karɓi waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairu na 2013 zuwa gaba. Su ne za su nemi zuwa gasar duniya ta 2030, da dama cikinsu kuma su kai ta 2031. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 waɗannan yara suna aji shida na firamare ko farkon ƙaramar sakandare, sunayensu da ranakun haihuwarsu suna cikin littattafan da ke aljihun teburin shugabannin makarantu.